Yadda na gyara matsalar fumfuna a ɗaki, ga 'yan Gombe sabbin zuwa Ingila

Sanyin hunturunmu na Gombe busasshe ne, na Ingila kuwa da danshi yake zuwa. Sabon zuwa yakan toshe tagogi, ya kashe hita don gudun kuɗin gas, ya shanya wanki a ɗaka, ga tururin tuwo. Danshin nan sai ya kwanta a bango mai sanyi, baƙar fumfuna ta fito, galibi bayan gado da kusurwar taga.

Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi, na riƙe shi ƙasa da kashi 60. Hita na bar ta a digiri 18 a kai a kai. Kunnawa da ƙarfi a kashe ba ya ɗumama bango. Kowace safiya in goge raɓar gilashi, in buɗe taga minti 10 ko ana sanyi. Na janye gado ɗan taƙi daga bango, girki kuma da murfi da fankar kicin.

Tabon, ruwan khal na fesa, bayan awa 1 na goge. Kada a haɗa shi da bilic, iskar da ke tashi guba ce. In ya dawo wuri ɗaya duk da haka, mai yiwuwa yoyo ne: ɗauki hoto, sanar da mai gida a rubuce.