Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Sayen Kanta da Haɗa Ta don Garejin Gida

A gidaje da yawa na Damagaram, ɗakin da aka gina domin mota ya daɗe da zama ma'ajiyar komai da komai: jarkokin ruwa, tsofaffin tayoyi, batir, ragowar fenti, kayan noma, har da tabarmin da ake shimfiɗawa ranar suna ko ɗaurin aure. Idan kaya suka cika ƙasa, mota ta koma kwana a ƙofar gida, sai maigida ya fara tunanin kantar jera kaya, daga nan kuma tambaya ta taso ko ya sayi wadda aka riga aka ƙera ko ya sa a haɗa masa. Yawancin mutane daga farashi suke fara wannan lissafi. Ni kuwa ina ganin farashi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, domin nauyin kayan da irin bangon garejin su ne suke yanke hukunci tun kafin a taka kasuwa.

Mataki na farko shi ne ka fitar da kayan duka zuwa tsakar gida, ka raba su gida uku: masu nauyi, marasa nauyi, da waɗanda ba su da wurin zama a kan kanta ko kaɗan. Ba sai ka nemi sikeli ba, domin akwai ma'aunan da kowa ya sani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 idan ta cika ta kai kilo 25, huɗu a jere kuwa kilo 100 ke nan a kan hawa guda. A garin da ƙarancin ruwa ya koya wa kowane gida tanadi, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Buhun siminti kilo 50 ne. Babban buhun hatsi ko na wake bai kamata ya hau kanta ba sam, wurinsa a kan katakai ne da aka ɗaga kaɗan daga ƙasa, nesa da mai da fenti. Ka rubuta nauyin abin da kake so kowane hawa ya ɗauka, ka riƙe takardar, domin da ita za ka yi magana da mai kanti ko mai walda.

Mataki na biyu awo ne, kuma a yi shi mota tana ciki. Ka shigar da ita inda ta saba tsayawa, ka buɗe ƙofofinta duka har da ta baya, sannan ka auna abin da ya rage tsakaninta da bango. Sau da yawa za ka tarar bangon ƙurya, wanda gaban mota yake kallo, shi ne kaɗai yake da sarari, gefe da gefe kuwa ƙofar mota ta cinye su. Zurfin santimita 40 zuwa 50 ya ishi yawancin kayan gida. Abin da ya wuce haka sai kaya su riƙa ɓuya a bayan kaya. Kada ka manta da faɗi da tsayin ƙofar da kantar za ta bi ta shiga.

Mataki na uku, wanda aka fi tsallakewa, shi ne duba bango da daɓe. Ginin bulo da siminti yana karɓar ƙusoshin da ake kafe kanta da su, ko da yake bulo mai rami a ciki yana bukatar irin mariƙin da aka yi dominsa. Ginin ƙasa kuwa, irin wanda ya cika tsofaffin unguwanni kamar Birni da Zango, ba ya riƙe ƙusa mai ɗauke da nauyi, ko da an yi masa shafen siminti a fuska, domin shafen ne zai ɓalle ya taho da ƙusar. Wanda bangonsa na ƙasa ne ya cire tunanin kantar da ake ratayewa, ya nemi mai tsayuwa da ƙafafunta. Ka duba gindin bangon kuma: idan ka ga alamar danshin daminar bara, ko siraran hanyoyin ƙasa da gara take ginawa, to ka riga ka san cewa ƙafafun katako ba za su daɗe a wurin ba.

Wannan na koye shi da asara. Kantar farko da na sa aka haɗa mini ta katako ce tsantsa, muka jingina ta da bangon ƙasa, ƙafafunta a kan daɓe kai tsaye. Katakon ɗanye ne ban sani ba. Hunturu na shigowa ya bushe, ya karkace, ƙusoshi suka fara leƙowa, kafin ƙarshen damina kuma gara ta cinye ƙafa biyu daga ciki, ta bar ɓawon yana nan kamar lafiya. Ranar da ta rushe, ikon Allah ne kawai ya sa babu yaro a kusa.

Da waɗannan bayanai uku a hannu, sai a zo mataki na huɗu, wato duba abin da ke kasuwa. Kantar saye tana da fa'idarta ta gaskiya. Ana kawo ta a kwali, a ɗaura ta cikin sa'a ɗaya ko biyu da sifana, a kwance ta idan za a tashi, kuma galibi ana iya ɗaga hawa ko a sauke shi gwargwadon tsayin kaya. Ga ɗan haya, ko ma'aikacin da ake iya canja wa wurin aiki zuwa Maraɗi ko Yamai a kowane lokaci, wannan babban dalili ne, kuma idan kayansa marasa nauyi ne ba ni da abin da zan ce masa sai ya saya. Amma ya duba abubuwa uku. Na ɗaya, nauyin da aka rubuta a jikin kwali, shin na hawa guda ne ko na kantar gaba ɗaya, kuma ya sani cewa masu ƙerawa suna lissafa shi ne a kan kayan da aka baza daidai a duk faɗin hawan, ba abu ɗaya mai nauyi a tsakiya ba. Na biyu, kaurin ƙarfen: ya danna tsakiyar hawa da tafin hannu, ya girgiza ƙafa; wadda ta lanƙwashe a kanti ba za ta miƙe a gida ba. Na uku, abin da aka yi shimfiɗar hawan da shi. Akwai wadda ake yi da garin katako da aka matse da gam, wadda take kumbura ta ruguje da zarar ruwa ya taɓa ta. Ta roba kuwa ba na ba da shawararta ga kaya masu nauyi a nan, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a waje, cikin gareji mai rufin kwano kuma ya fi haka, roba tana laushi a hankali ta lotsa a ƙarƙashin nauyi.

Idan kayanka masu nauyi ne, ko wurin yana da lungu da kwana da kantar kasuwa ba za ta shiga ba, ko gidan naka ne, to mataki na biyar ya zama naka: a haɗa. Abin da na fi gamsuwa da shi a yanayinmu shi ne ƙashin ƙarfe daga wurin mai walda, shimfiɗar katako daga wurin kafinta. Gara ba ta cin ƙarfe, busasshiyar iskarmu kuma ba ta saurin kawo tsatsa kamar ta garuruwan bakin teku, in dai an goge ƙarfen an shafa masa fentin hana tsatsa kafin fentin ado.

Dabarar rage ɓarna ita ce a zana kantar bisa girman kayan da ake sayarwa. Ƙarfe mai kusurwa da bututun ƙarfe mai gefe huɗu yawanci a sanda mai mita 6 suke zuwa, wato sanda ɗaya ta ba da ƙafa uku masu mita 2 ba tare da ragowa ba. Falankin fale-falen katako kuwa santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo. Idan aka tsaga shi uku a tsaye, an sami hawa uku masu zurfin kusan santimita 40. Wanda ya nace sai zurfin 50, hawa biyu kawai zai samu, sauran ya zama guntu.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata mai sa aiki ya sani, domin ita ce take bambanta kantar da take lotsawa da wadda take tsayawa. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin madogarai biyu, nauyin bai canja ba, lotsawar katakon ba ninki biyu take ƙaruwa ba, ninki takwas ne. Haka kuma idan aka ninka kaurin katakon, lotsawar tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka ga kaya masu nauyi a nemi kaurin milimita 18, kada tazara ta wuce kamar santimita 80 ba tare da ƙafa ko ƙarfen tallafi a ƙarƙashi ba. Sannan a sa ƙarfe ɗaya a karkace a bayan kantar, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, domin shi ne yake hana ta rangaji hagu da dama. Wasu masu walda suna barin sa don a rage kuɗi. Idan ya ce maka, "Alhaji, ko babu shi za ta tsaya," ka ce masa, "Malam, na yarda da aikinka, amma a sa mini shi, zan biya."

Ka roƙe shi kuma kada ya narke kantar ta zama dunƙule ɗaya mai tsawon bango. A yi ta gida-gida, kowane kamar mita ɗaya da ɗan kai, a haɗe su da noti, yadda mutum biyu za su iya ɗauka, amalanke kuma ta iya kai ta. Katakon a ɗora shi ne cikin kusurwar ƙarfen, a kama shi da ƴan ƙusoshi masu noti, domin idan wani hawa ya lalace a sauya shi kaɗai. Kafin ka karɓi aiki, ka gwada kusurwa da awo: santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 100 cif, in bai kai ba ko ya wuce, kantar a karkace take.

Sai yanzu ne maganar kuɗi ta zo, mataki na shida. Kada a kwatanta farashin kanti da kuɗin ƙarfe kawai. A tara kuɗin ƙarfe, katako, noti, fenti, ladan mai walda da na kafinta, da na dako, sannan a raba da yawan hawa da nauyin da kowanne zai ɗauka. Farashin waɗannan kaya yana hawa da sauka gwargwadon halin hanyar Kano da canjin naira da sefa, don haka ka zaga kasuwar Dole da shagunan kayan gini a mako guda, kada ka dogara da farashin da maƙwabci ya saya bara. A ƙulla magana a kan ranar gama aiki ma, a bar ɗan rata saboda ɗaukewar wuta, kuma a riƙe wani kaso na ladan har sai an kawo an girka.

Mataki na ƙarshe shi ne girkawa da jeri. Hawan ƙasa ya ɗaga santimita 15 zuwa 20 daga daɓe, domin tsintsiya ta shiga, ruwan da ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce, ido kuma ya ga gara ko kunama. A walda ƙaramin faifan ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta huda daɓe. A bar tazarar yatsu uku tsakanin katako da bangon ƙasa. Idan bangon na siminti ne, a kafe saman kantar da shi, domin yara suna hawa duk abin da ya yi kama da tsani. Jarkoki da batir su zauna a ƙasa, kayan aikin yau da kullum a daidai ƙirji, marasa nauyi a sama. Maganin ƙwari da na ɓera a sa su a akwati mai kwaɗo, nesa da abinci. Fetur da tukunyar gas kada su hau kanta, kada kuma su kwana kusa da janareto ko inda ake cajin batir. Tururin fetur da na gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, saboda haka wurinsu inuwa ce mai shan iska.

Bayan wata guda da ɗora kaya, ka koma da sifana ka ƙara matse notin, domin nauyi yana sa su saki. Idan ruwan Satumba ya ɗauke, ka sauke kayan hawan ƙasa, ka ƙwanƙwasa katakon da bayan wuƙa ka saurara. Wanda ya yi amo kamar ƙwarya, gara ta shige shi, sai a cire wannan hawan a ƙone, a nemo inda hanyarta ta fito a gindin bango kafin a sa sabo.