Yadda za ka bi sawun kakanka daga Kano zuwa Damagaram

Tun muna yara a Fagge ake gaya mana cewa kakanmu barde ne. Wai da rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya zo yaƙar Kano, dokinsa ya karye a hanya, ya ga gari ya karɓe shi, ya yi zamansa. Shekara kusan arba'in ina ba da labarin nan ina hura hanci. Ranar da na zauna da biro na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. An kashe Kuran Daga a 1899, kakanmu kuwa a 1980 muka kai shi makwancinsa, kuma har satin da zai rasu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. In har ya hau dokin yaƙi kafin 1899, to ya haura ɗari ke nan, alhali ba wanda ya taɓa cewa ya kai tamanin. Lissafin nan ne ya tayar da ni zuwa ƙasar Damagaram a ƙarshen 2022. Ga abin da zan gaya wa duk wanda ke da irin niyyata.

Kada ka fara da mota, fara da tsakar gidanku. Kafin ka sayi mai ko lita ɗaya, zauna da tsofaffin da kake da su a kusa ka tattara abu biyar: sunan yanka na wanda kake nema, laƙabinsa, sunan mahaifinsa, sunan ƙauyen, da sana'ar gidan. In akwai wanda ya tuna zanen fuskarsa, ya zana maka a takarda, don wanzaman can da tsofaffinsu suna karanta aska kamar wasiƙa. Laƙabi ya fi sunan yanka amfani nesa ba kusa ba. Ka shiga ƙauye ka ce kana neman gidan Muhammadu, za a nuna maka gida talatin. Amma ka ce Tanko, ƙanen mata uku, ɗan majema, wanda uwarsa ta tafi da shi kudu, nan take wani tsoho zai ɗaga kai. Ka kuma sani cewa tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Kada ka matsa mata, kunya ce. Za ta ce maka "mai sunan Malam" ko "mai sunan babanku", sai ka koma gefe ka tambayi wani wa take nufi.

Daga nan sai aike. Kada ka faɗa wa mutane kamar ruwan bazara. Nemi wanda ke kai da kawowa tsakaninku, ko ɗan ƙauyen da ke ci-rani a Kano, ka tura saƙon murya ta WhatsApp da bakin babba a gidanku, ba da bakinka ba. Ni ƙanen mahaifina na ɗauka, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, kuma rabin ƙofofin da suka buɗe mana furfurarsa ce ta buɗe su.

Lokacin tafiya kuwa, bayan kaka. Da damina kowa yana gona, ba mai zama ya ba ka labarin mutanen da suka daɗe a ƙasa, ga hanyar ƙauye ta zama taɓo. Da salla gida cike yake, za ka sha gaisuwa da tuwo amma ba za ka samu tsohuwa ita kaɗai na minti goma ba. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu an kai amfani rumbu, dare yana da tsawo, ana zaman jin wuta. Nan hira take.

Mota ka kai ta wurin makanike kwana uku kafin tafiya, ba ranar ba: juyen mai, birki, tayoyi, safaya mai iska, jak, da jarkar ruwa. Takardun mota su kasance na asali kuma da sunanka, ko da takardar izinin mai ita. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Batun abin da ake nema a kan iyaka yana canjawa: an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku baya, har da ni. Je tasha ka tambayi direban da ya ƙetare a satin nan, shi zai gaya maka takardar da ake tambaya da kuma lafiyar hanya.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura. In kana da yara a motar, tsaya ka nuna musu rijiyar Kusugu, ba zai ci maka rabin awa ba. Daga Daura sai Kwangwalam, ka ƙetare zuwa Ɗan Barto, ka shiga Matamaye, ka wuce Kance, ka hau babbar hanya a Takeita ka yi gabas zuwa Zinder. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, abin da ke cin lokaci shi ne tsayuwa. A shingen jandarma ka kashe mota, ka yi sallama, ka miƙa takarda da hannun dama, kada ka ɗaga waya kana hoto. Kuma kada dare ya same ka a hanyar da ba ka sani ba.

Canjin kuɗi ka yi shi a bakin iyaka, ka nemi ƙananan sefa da yawa. Sai dai ka koyi ƙirgen can tun kafin ka ji kunya. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi. Jika ɗaya sefa 1,000. Ni da aka ce mini ɗari na miƙa sefa 100, yaron ya tsaya yana kallona kamar na zage shi, ashe 500 ake nema. Ka sayi layin waya na can ma, don naka zai ɗauke ba da daɗewa ba.

Tsaraba ba sai ta yi tsada ba, amma ta isa kowa: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu, turare, turmin atamfa ga manyan mata, alewa ga yara. Ka miƙa ta a dunƙule ga babbar gida ta raba. In ka raba da kanka za ka tsallake wata, kuma wadda ka tsallake ɗin ce mai labarin.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin ɓarna. Ranar farko kada littafi ya fito daga jaka. Ka sauka, a kai ka gaida mai gari da liman, ka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu ko da an shekara biyar, ka ci abin da aka kawo. Dalili shi ne, baƙo daga birni da mota, yana tambayar wa ya haifi wa, yana rubutawa, abu ɗaya yake nufi a idon mutumin ƙauye: gado. Mu ma sai da aka yi mana wannan kallo. Da daddare baffana ya lura hira ta yi sanyi, sai ya yi gyaran murya a gaban kowa ya ce, "Jama'a, mu ba gona ta kawo mu ba, ba mu da buƙatar ko taki ɗaya. Jini muka zo nema." Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "To yanzu ka yi magana, Alhaji." Faɗi wannan da wuri, kuma a bainar jama'a.

Maza za su ba ka jerin sunaye, wane ya haifi wane, da wanda ya yi sarauta da wanda ya je Makka a ƙasa. Ka rubuta, yana da amfani. Amma wa ya auri wa, wa aka saki, wa aka ba riƙo, wa ya tafi da fushi, wannan yana ɗakin tsofaffin mata. A namu ƙauyen, gabas da Matamaye, akwai 'yar ƙanen kakanmu, goggona, 'yar'uwar mahaifina ta wajen 'yan maza, idonta ya tafi amma kanta garau. Na tsuguna bakin ƙofarta da hantsi tana shan rana a kan tabarma, ta kama hannuna ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ɗan nan, hancin gidanmu ne." Na nemi izini kafin na kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, na ajiye ta kusa da ƙwaryar furarta, na bar ta a nan. Ka tafi da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ƙauyen ba lallai ne da wuta ba.

Kada ka tambayi tsoho "a wace shekara?" Ba haka yake ajiye lokaci ba. Tambaye shi wane sarki ke kan gado, wace yunwa aka yi, an yi masa aure ko bai yi ba. Kai ne za ka je da kalandarka a aljihu. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. An ɗauke hedikwatar mulkin Faransawa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ya hau sarautar Kano, ya yi har 1953. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a 1946, kuma kafin nan mutane da yawa sun tsallako kudu don gudunsa. Gobarar sinimar El-Duniya a Kano 1951, zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960 a ƙasashen biyu, canjin kuɗi zuwa naira 1973, sai yunwar 1984 da mutanen Nijar ke kira El-Buhari. Da waɗannan turaku za ka ɗaure kusan kowane labari.

Da na ce, "Goggo, an ce yayan babanki da yaƙi ya je Kano," sai da ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce wane yaƙi, yaron da ko kaciya ba a daɗe da yi masa ba. Shekarar Kakalaba ce, in ji ta, kamar yadda mahaifinta ya sha gaya mata. An cinye iri, an tone gidan tururuwa ana neman hatsi. Uwarsu ta bar ƙaramin wurin kishiya saboda ba zai iya tafiya ba, ta ja babban suka bi ayari zuwa Kano inda aka ce akwai abinci. Ubansu majemi ne, fata yake jema. Babu doki a gidan, jaki ɗaya ne, shi ma an sayar. Yaro ɗan shekara bakwai a 1914, ya rasu a 1980 yana da saba'in da uku. Lissafi ya zauna daram.

Duk da haka kada ka tsaya kan baki ɗaya, ko da na Goggo ne. Tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, kowa shi kaɗai, kuma kada ka gaya wa na biyu abin da na farko ya ce, don zai ce "haka ne" saboda kara. Sannan ka nemi rubutu. Gidan da aka yi malami, tambayi ko akwai tsohuwar gafaka. Malaman da suna rubuta haihuwa da mutuwa a bangon Alƙur'ani ko gefen littafi, da Larabci ko ajami. Mun samu irin wannan wurin limamin garin, warƙoƙi sun yi ja, gara ta ci gefe, a ciki har da haihuwar Goggo a 1350. Ka yi alwala, ka bar mai littafin ya buɗe da hannunsa, kai dai ka ɗauki hoto. Juya shekarar Hijira ba wuya: ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Ta Goggo ta faɗa tsakanin 1931 da 1932.

Akwai inda za ka ga hira ta tsaya cak, an koma zancen sanyin bana. Sau da yawa bauta ce a wurin, ko sa-ɗaka, ko cikin da ba a so a tuna. Ƙasar nan ta ga cinikin bayi sosai a ƙarni na 19, kuma jikokin kowane ɓangare suna zaune gari ɗaya, suna auren juna. In an rufe ƙofa kada ka tura. In kuma wata ta ja ka gefe ta gaya maka, kashe na'urar, kuma kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi.

Ka ware wa Zinder kwana ɗaya. Ka zaga Birni inda fadar sarki take da ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, ka leƙa Zango, unguwar fatake da Buzaye, wadda duk ɗan Fagge zai ji kamar ya san ta. Amma kada ka sa ran samun sunan talaka a takardun gwamnati. Abin da za su ba ka shi ne labarin gari: haraji, yunwa, ƙaura, wa ke sarauta. Na ɓangaren Najeriya suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, a Kano kuma ka fara da Gidan Ɗan Hausa. Na ɓangaren Nijar galibi sai Yamai, kuma da Faransanci suke, sai ka nemi mai karanta maka.

Kana dawowa, a satin nan ka zauna ka juye muryoyin a takarda, tun kana tuna wa ke magana. Kowane labari ka rubuta wa ya faɗa, a ina, ran nawa ga wata. Ka ajiye kwafi wuri biyu, ka wanke hotuna ka aika musu, ka ci gaba da kira ko ba ka da tambaya. Mu an cika mana bayan mota da gero da zabi biyu da ƙullin kuka, Goggo kuma ta sa aka ɗauko wata tsohuwar wuƙar jima mai ƙotar itace da ta ce ta kakansu ce, ta ce a kai wa babana. Da na ajiye ta a gabansa a Fagge, ya juya ta ya sake juyawa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, shi ya sa tsoho ba ya sayen takalmi sai ya shinshina fatar."