Yadda ɗalibin seminari zai saba da zaman karatu a birnin Rum

Idan kai ɗalibin seminari ne, wato makarantar horar da limaman cocin Katolika, kuma bishop ɗinka ya zaɓe ka domin ka je Rum karatun tauhidi, mai yiwuwa masaukinka ya zama Kwalejin Urbano da ke kan tudun Janikulum, wadda Paparoma Urban na Takwas ya kafa a shekarar 1627 domin horar da limamai daga ƙasashen mishan, darussanka kuma su kasance a Jami'ar Urbaniana da ke kusa da ita.

Ka fara da takardu. Dokar Italiya ta wajabta wa baƙo ya nemi izinin zama cikin kwanakin aiki 8 da shigowarsa. Ana miƙa fom ɗin a gidan waya, daga baya 'yan sanda su kira mutum su ɗauki hoton yatsunsa. Ka adana rasit ɗin da aka ba ka, domin shi ne shaidarka kafin katin ya fito, kuma fitowar takan ɗauki watanni.

Babban aikin shekarar farko shi ne harshe. Da Italiyanci ake koyarwa, da shi ake Misa da addu'o'in safe da yamma, kuma jarrabawa da yawa ta baka ce, inda ɗalibi zai zauna gaban malami ya amsa tambaya nan take ba tare da takarda ba. Wanda ya fito daga Kaduna ko Jos da Turanci, ko daga Maraɗi da Faransanci, yakan ji daɗin haɗuwa da 'yan ƙasarsa, har ya mayar da teburinsu wurin cin abincinsa na kullum. A ganina wannan ne ya fi komai jinkirta koyo. Ka riƙa zama da ɗaliban Indiya, Biyetnam ko Kwango, waɗanda babu harshen da ya haɗa ku sai Italiyanci, ka yi magana ko da kwaɓa ce, domin su ma haka suka fara. Ka karanta Bisharar da za a karanta a Misar gobe da ƙarfi a ɗakinka kowane dare. Idan kuma aka tura ka wata majami'a a ƙauyen Italiya lokacin dogon hutu, ka karɓa hannu biyu, saboda tsofaffin da ke zuwa Misa kullum za su gyara maka furuci fiye da yadda aji zai yi.

Taliya za ta zo maka kusan kowace rana, kumallo kuwa kofi ne da ɗan burodi. Idan kewar abincin gida ta dame ka, kasuwar Esquilino da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini tana da doya, manja, kuɓewa da barkono.

Sanyin Disamba da Janairu ya bambanta da hunturunmu, domin yana zuwa da ruwan sama da danshi, rana kuma takan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma. A wannan lokacin ne kaɗaici yakan kama baƙo. Kada ka ɓoye wa uban ruhaniyarka, wato limamin da ke ba ka shawara kan rayuwarka ta addini, domin abin da ka faɗa masa sirri ne, kuma ya ga irinsa a wurin ɗalibai da dama. Kiran gida ba shi da wuya, tunda agogon Italiya daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne kawai yake gaba da awa 1.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba. 'Yan uwa sukan ɗauka duk wanda ke Turai yana da hali, alhali abin da ake ba ɗalibi na sabulu ne da kuɗin mota. Ka bayyana musu haka tun kafin ka tashi. Ka riƙa rubuta wa bishop ɗinka labarin karatunka a ƙarshen kowane zango, ka kuma ci gaba da karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, domin da ita za ka yi wa'azi a majami'un da za a tura ka.