Yadda za ka gyara muƙalar rauni a Wikipedia ta Hausa

Toh 'yan uwa masu son shiga harkar gyaran Wikipedia nan Jos, ga aikin da ba ya cin kuɗi sai ɗan data da haƙuri. Ina nufin muƙalar da ke bayani kan rauni, wato halin da ke sa mutum ko unguwa ko na'ura ta fi saurin cutuwa in masifa ta zo. Irin waɗannan muƙaloli sau da yawa fassarar inji ce kawai aka juye aka tafi, ka karanta layi uku kai ya fara ciwo.

Kafin ka taɓa komai ka buɗe akawun, kar ka yi gyara haka kawai ba suna. Sai ka leƙa shafin tarihi ka ga waɗanda suka yi aiki a baya, ka duba shafin tattaunawa ko akwai wata gardama da ba a ƙarasa ba. In gyaran mai yawa ne ka fara rubutawa a shafin gwajinka tukuna.

Sakin layi na farko shi ne inda aikin yake. Mai karatu a waya yake, ƙila ma yana cikin keke daga Terminus zuwa Bauchi Road, ba zai jira ka ba. Ka faɗa masa a jimla biyu abin da ake nufi, sannan ka rarraba, domin wannan batu ya shafi fannoni daban daban, akwai na bala'o'i da sauyin yanayi, akwai na lafiya, akwai na halayyar ɗan Adam, akwai na tsaron kwamfuta, kowanne a ba shi sashensa, kar a cakuɗa su.

Ni dai in aka tambaye ni sashen bala'o'i ya kamata ya fi kowanne nauyi, don nan ne mai karatu zai gane cewa ruwan sama ko girgizar ƙasa ba su kaɗai ke kisa ba. Dubi 2010. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti a watan Janairu, mutane sama da dubu ɗari suka mutu, sai a Fabrairu wata mai maki 8.8 ta afka wa Chile wadda ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma waɗanda suka rasu ba su kai dubu ba. Bambancin yana cikin ingancin gini da dokar gini da talauci da shirin gwamnati. Daga nan sai ka dawo gida, ambaliyar da ta ci unguwannin Rikkos da Gangare nan Jos a Yulin 2012 ai gidajen bakin rafi ta fi yi wa ɓarna, ga kwalbatoci cike da shara, ga mutanen da ba su da kuɗin kama haya a tudu. Haka ambaliyar 2022 da ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Lokoja da ke mahaɗar Neja da Binuwai ta sha wuya sosai. Wannan shi ne abin da muƙalar ya kamata ta nuna, waye ruwa ya fi samu kuma me ya sa shi ne.

Amma fa kar ka rubuta da ka. Duk maganar da ka sa sai da madogara, in ba haka ba wani zai zo ya liƙa mata alamar "ana buƙatar hujja" ko ya goge gaba ɗaya. Rahotannin IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suna da ma'anar rauni a fannin sauyin yanayi, Tsarin Sendai na 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi ya yi magana kan rage haɗarin bala'i, ga bayanan hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da jaridu irin su Daily Trust da BBC Hausa. Post ɗin Facebook ko saƙon da aka turo maka a group na WhatsApp ba madogara ba ne wallahi, ko da kawunka ne ya rubuta. Kuma ka sake faɗa da kalmominka, kar ka kwafo ka manna.

Sashen kwamfuta a gajarce shi, ka ce ɓaraka ce a manhaja da ɓarawon intanet zai iya bi ya shiga, ka ba da misalin Heartbleed, wata irin wannan ɓaraka da aka gano a 2014, ka sa mahaɗi zuwa muƙalar tsaron intanet in akwai, shikenan.

Wani abu da ke kama mutanenmu shi ne wa'azi da zargi. Kana cikin rubutu sai ka ji kana so ka ce gwamnati ta yi sakaci ko mutane ba sa jin magana, a'a, Wikipedia ba wurin ra'ayinka ba ne, ka kawo abin da rahoto ya ce ka faɗi wanda ya ce, ka wuce. Haruffa masu lanƙwasa ma ka kula da su, ɓ da ɗ da ƙ suna nan a kibod ɗin Hausa na waya, saukewa kawai za ka yi.

In ka gama ka danna duba kafin wallafawa, ka karanta da ƙarfi ka ji ko ya yi kama da Hausar da mutum zai faɗa, ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ka canza a akwatin ƙasa, sannan ka sa shafin cikin jerin waɗanda kake bibiya don ka ga in wani ya zo ya ƙara ko ya cire.