Yadda za ka shuka kariya a gida ta yi maka fure

Jama'ar Damagaram masu son fulawa a tsakar gida amma kuɗin garuwa na hana su, ku nemi kariya. Itaciyar nan ce mai ƙaton gindi kamar tulu da fure ja-ja mai fari a tsakiya, asalinta ma tsiron Sahel ne, a gindin nan take ajiye ruwanta shi ya sa zafin bazara bai dame ta ba.

Hanya mafi sauƙi ka samu wanda yake da ita ya yanko maka reshe mai kauri kamar tsawon taƙi ɗaya. Kar ka dasa ranar, ka shafa toka a bakin yankan ka ajiye a inuwa kwana 3 zuwa 5 sai ya bushe, in ka saka shi ɗanye ruɓewa zai yi. Amma fa in babban gindin nan kake so to iri za ka shuka, na reshe ba ya cika yin tulu sosai. Irin yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho, ka ɗaure su da zare tun kafin su fashe in ba haka ba iska ta kwashe maka.

Ƙasa kuwa rairayi ya fi yawa, ɗan taki wanda ya ruɓe sosai da gutsattsarin gawayi. Tukunyar ƙasa ko yankakken bido duk ya yi, in dai ka huda ƙasansa da kyau. Ka sa ta inda rana ke dukanta, a inuwa sai ta yi ta tsawo ba fure.

Ruwa ne ke kashe ta wallahi. Lokacin ɗari za ka ga ganye ya yi rawaya ya zube ta tsaya tsirara, sai mutum ya ce wayyo ta mutu ya dinga kwarara mata ruwa safe da yamma, alhali hutu take, kuma sau da yawa a kan sandunan nan marasa ganye furen ke fitowa. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da laima ka bar ta. Ka matsa gindin, in tauri gare shi lafiya lau, in ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir ruwa ya yi yawa, ka tono ka yanke inda ya ruɓe ka shanya kafin ka mayar. Da damina kuma ka ɗaga tukunyar kan bulo, ka kauce wa bakin indararo.

Ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya maharba ke sa shi, don haka ka ɗaura leda a hannu in za ka yanka, ka wanke wuƙar da sabuni, kuma ka ajiye ta inda yara da awaki ba sa kai wa.