Yadda ake auna ƙwazon 'yan kwana-kwana da gano horon da suke buƙata

Duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, abin da ake fara ji a bakin jama'a shi ne "sun zo a makare" ko "sun zo ba ruwa". Wani sa'in har jifa ake bin motar da shi. Shugaban tashar kashe gobara ba zai yi hukunci da ƙorafin bakin titi ba. Fom ɗin auna ƙwazon ma'aikata (APER) da ake cikewa ƙarshen shekara shi ma ba ya gaya masa wane ne cikin yaransa zai iya shiga hayaƙi ya fito da mutum a kafaɗa. Ga hanyar da ta fi kai mutum ga gaskiya.

Mataki na farko: buɗe littafin tasha. Ɗauki kiraye-kirayen wata 6 da suka wuce, ka fitar da lokuta uku a kowanne: sa'ar da waya ta shigo, sa'ar da mota ta bar ƙofa, da sa'ar da ta isa. Tsakanin na farko da na biyu nan ne aikin ma'aikaci yake. A Amurka, ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ta ba su daƙiƙa 80 su sa kaya su hau mota. Tsakanin na biyu da na uku kuwa akwai cunkoso, da ramuka, da 'yan tebur da suka toshe hanya. Kada ka haɗa su ka ɗora wa direba.

Na biyu: duba irin aikin da yankinku ke kawowa. Tashar da ke kusa da kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa a Kano tana fama da yadi, da katifa, da kwali, da lunguna da mota ba ta shiga. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta watan Maris na 2016 ta nuna yadda wuta ke gudu a irin wannan wuri. Tashar bakin babbar hanya kuwa tankar mai ce da haɗarin mota. A unguwanni, hunturu na zuwa da garwashi a ɗaki da hita da aka manta a bokiti, damina kuma da yaran da ke faɗawa kududdufi. Abin da ya fi yawa a littafinku, a kansa za ka gwada mutanenka.

Na uku, kuma a nan nake so a daɗe: atisaye ba sanarwa. Buga ƙararrawa da tsakar rana ko bayan sallar asuba, ka tsaya da agogo a hannu. Kalli hannayensu. Wanda ya iya, zai wurga mesa ta warware a miƙe, ya haɗa baki da baki har ka ji ƙas, bai ma duba ba. Wanda bai iya ba, zai bar ta a murɗe, ruwa na zuwa ta fizge shi. Ka sa kowa ya goya tukunyar iskar numfashi, ya duba ma'auninta kafin ya rufe fuska, ka tambaye shi me zai yi idan usur ɗinta ya fara kuka yana cikin ɗaki. Amsar ɗaya ce: ya fito shi da abokin shigarsa, nan take. Ka zuba ɗan man dizal a tire ka kunna a fili, ka ga wa zai ɗauko kumfa, wa zai ɗauko ruwa. Ka tambayi mai kula da famfo: mota na ɗauke da lita 4,000, mesa na fitar da lita 400 a minti, yaushe za ka kira tankar ruwa? Idan bai gane minti 10 kacal gare shi ba, a nan "sun zo ba ruwa" take farawa.

Kada ka tsallake rijiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum ɗaya ke faɗawa, ɗan'uwansa ya bi shi da igiya a ƙugu, iskar ƙasan ta ɗauke numfashinsa, a wayi gari gawa biyu. Ma'aikacin da zai sauka ba tukunyar iska, komai jarumtarsa, yana buƙatar horo da gaggawa.

Na huɗu: raba laifi gida uku. Duk inda aka gaza, tambayi kanka: bai sani ba ne, ko ba shi da kayan aiki, ko ya sani ya ƙi? Na farko kaɗai horo ke gyarawa. Mesa mai yoyo da mota ba mai, rahoto ne za ka rubuta zuwa hedikwata. Sakaci kuma ladabtarwa yake so. Tura mutum kwas alhali takalminsa ne ya huje, asarar kuɗi ce.

Na biyar: zauna da kowa shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Ka ce, "Malam, wane aiki ne idan an kira gabanka ke faɗuwa?" Sai ka ji wani ya ce tsani, wani ya ce wutar lantarki, wani ya ce tun ranar da ya ɗauko gawar yaro barci ya ƙaurace masa. Wannan ma ka rubuta shi.

Daga nan sai ka jera buƙatun bisa haɗarinsu ga rai. Yawancinsu a harabar tasha za a gama su, tsohon hannu ya koya wa sabon shiga, awa ɗaya kullum da safe. Taimakon farko ana iya neman Red Cross su zo su koyar. Manyan kwasa-kwasai, irin jagorancin aiki a wurin gobara da binciken musabbabinta, su ne za ka nema wa gurbi a makarantar Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ke Sheda, kusa da Abuja. Bayan wata 3 ka sake buga ƙararrawar nan, da agogon nan, ka rubuta sabon lokaci kusa da tsohon, tun kafin sanyin Disamba ya kama.