Mai Ciwon Suga da Yanar Ido: Yadda Za Ka Kare Ganinka

Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, yakan shiga madubin da ke cikin ƙwayar ido, ya rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna sobitol. Shi kuwa ba ya fita da sauƙi. Sai ya janyo ruwa, madubin ya kumbura, ya yi gajimare. Shi ya sa yanar ido kan kama mai ciwon suga tun kafin tsufa.

Alamunta: gani dishi-dishi kamar ranar hazo, fitilar mota na kashe maka ido da dare, tabarau ya daina yi maka aiki.

Riƙe sugan safe, kafin karin kumallo, tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL na na'urar gwajin suga. A duba idonka duk shekara, a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa bayanta, domin suga na ɓata jijiyoyin can ma. Kada ka yanki sabon tabarau suga na sama. Jira ya daidaita na 'yan makonni.

Babu maganin ɗigawa ko tozalin da ke narkar da yana, sai tiyata. Masu tura ta ciki da allura a gargajiyance sun makantar da mutane da yawa.